Tarihin Aikin Samo Littattafai a Ɗakunan Karatun Shari'a na Ƙasar Hausa

Jami'in samo littattafai shi ne ma'aikacin ɗakin karatu da ke zaɓar abin da za a saya, ya yi oda, ya bi sawun kaya har su iso, ya kuma riƙe lissafin kuɗin. A ɗakin karatun shari'a nauyinsa ya fi na takwarorinsa, domin littafin doka tsufa yake yi. Da zarar majalisa ta gyara sashe ɗaya, ko babbar kotu ta juya wani hukunci, tsohon bugu na iya kai lauya ya baro. Saboda haka aikin ba ya ƙarewa da saye.

Aikin ya girmi sunansa a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, alƙalan Kano da Katsina da Damagaram da littattafan Malikiyya suke hukunci: Risala, Muhtasar na Halilu, da Tuhufa ta Ibn Asim. Alƙali shi ke nemar wa kansa, ko dai ya ba marubuci ya kwafa masa da hannu, ko ya yi sautu wajen alhazai da fataken Sahara, waɗanda su ne ma ke kawo takardar rubutun. Abin da aka rubuta a gida, kamar Liya'ul Hukkami na Abdullahi ɗan Fodiyo, shi ma ta hannun makwafa ya yaɗu.

Mulkin mallaka ya raba ƙasar biyu, ya raba dokokinta. Garuruwa irin su Mallawa, wadda a da take cikin gundumar Magariya, yanzu kuma Dungas, suka faɗa ƙarƙashin tsarin Faransa, ƴan'uwansu na tsallaken iyaka kuma tsarin Ingila. Wannan rabuwa ce ta sa jami'an ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke saye ba har yau.

A ɓangaren Nijeriya aka fara ganin aikin da tsari. An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma bugun Masar ya riƙa maye gurbin rubutun hannu. Zuwan Finalkod a 1960 ya tilasta wa alƙalai karatun sabuwar doka a Kongo, Zariya, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna bayan kafa jami'ar a 1962. Nan ne aka buƙaci mutum guda da zai san dillalan Landan don rahotannin kotunan Ingila, ya san maɗaba'ar gwamnati a Kaduna don gazet, ya kuma san masu sayar da littattafan Larabci na Kasuwar Kurmi. Jami'ar ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. A shekarar ce kuma Elizabeth Moys, wadda ta yi aiki a Jami'ar Legas, ta fitar da tsarinta na jera littattafan doka, wanda ɗakunan karatun shari'a na Nijeriya da dama ke bi.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo da faɗuwar naira daga 1986. Rahotannin shari'a da mujallu kuɗinsu shekara-shekara ake biya, da kuɗin waje, kuma idan aka tsallake shekara biyu giɓin yana nan a kan kanta har abada, sai dai a sayi tsofaffin da tsada. Jami'ai suka koma roƙon kyauta da musaya, suna zaɓar abin da za a yanke. Wannan zaɓi shi ne mafi nauyi a aikin, domin ɗaliban da za su zo bayan shekara goma su ne za su biya. Abin da ya rage zafin shi ne bugun gida, musamman rahotannin mako-mako da Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985. Daga baya asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, ya ware wa ɗakunan karatu kaso. Dawowar dokokin laifuka na Musulunci a Zamfara a 2000, da jihohin da suka biyo ta, ta sake ɗaga darajar jami'in da ke karanta Larabci.

A Nijar tushen doka shi ne jaridar gwamnati, Journal Officiel, da kundayen dokoki, sai littattafan sharhi na kamfanonin Faransa irin su Dalloz. Yawancin ƙwararrun ma'aikata a makarantar EBAD ta Dakar, wadda aka kafa a 1967, suka yi karatu. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin kowane littafin Paris a dare ɗaya. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 kuma ta kawo dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da suka ture tsofaffi, dole aka sake saye. Babbar matsalar dai nisa ce. Kayan a Yamai suke taruwa, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda kotun ɗaukaka ƙara take, balle Magariya ko Dungas. Ga shi kuma aure da gado da rikicin gona, waɗanda su ne shari'o'in mutanen Mallawa, dokar ƙasa ta bar su ga al'ada, alƙali na zama da mashawarta, hukuncinsu kuwa ba kasafai ake buga shi ba.

Intanet ta sauya rabin aikin. Jami'i yanzu lasisi yake ciniki da rumbunan dokoki irin su LawPavilion ko HeinOnline, dokokin OHADA kuma kyauta ake samunsu. Amma lasisi haya ce: ranar da kuɗi suka yanke, ƙofa ta rufe, ba a bar ko shafi ɗaya ba. Hukunce-hukuncen kotunan al'ada da na Musulunci kuwa ba kasafai ake samun kamfanin da ke sayar da su ba. Sai jami'in ya taka da ƙafarsa zuwa wajen magatakardan kotu ya nemi kwafi, kuma a nan ne ɗakunan karatun shari'a na ɓangarorin biyu suka fi rauni har yanzu.