Tarihin Labarin Bincike Mai Sanyi da Masu Binciken Sa-kai

A adabin Ingilishi akwai fannin ƙagaggun labarai da ake kira labarin bincike, wato labarin da ake aikata laifi a farkonsa, yawanci kisan kai, sa'annan a bi sawu har a gano wanda ya yi aika-aikar. Daga cikin rassan wannan fanni akwai wanda masu buga littattafai suka raɗa wa suna "kozi" a ƙarshen ƙarni na ashirin, kalmar da ke nufin ɗumi da natsuwar ɗaki, kuma ana iya kiransa labarin bincike mai sanyi. Siffofinsa sanannu ne, domin laifin yakan auku a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, ba a nuna jini ko batsa a fili, akwai raha a cikin zance, kuma mai warware al'amarin ɗan sa-kai ne wanda ba ya cin albashin ɗan sanda, kamar tsohuwar malamar makaranta, ko mai gasa burodi, ko mai kula da ɗakin karatu.

Tushen abin yana cikin ƙarni na sha tara. Edgar Allan Poe na Amurka ya fito da Dupin a 1841, Arthur Conan Doyle kuma ya fito da Sherlock Holmes a 1887, sai dai waɗannan masu binciken dukkansu maza ne masu kaifin basirar da ta fi ta sauran mutane. Sauyin da ya buɗe hanya ya zo a 1897, lokacin da marubuciyar Amurka Anna Katharine Green ta ƙirƙiri Amelia Butterworth, dattijuwar da ba ta yi aure ba, wadda sa ido kan gidan maƙwabta ya jefa ta cikin binciken kisa. A 1910 G. K. Chesterton ya zo da Fada Brown, limamin cocin Katolika wanda sauraren masu ikirarin zunubi ya koya masa halin ɗan Adam.

Wadda ta kafa fasalin da ake bi har yau ita ce Agatha Christie, wadda aka haifa a Torquay ta Ingila a 1890, ta kuma yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda ta san guba da ma'auninta. Ta gabatar da Miss Marple a wani gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi a 1930, wato The Murder at the Vicarage, wanda a cikinsa aka tsinci gawar wani kanar mai ritaya a ɗakin nazarin limamin ƙauyen St Mary Mead. Gidan Miss Marple yana jikin gidan limamin, kuma daga lambunta, inda take gyaran furanni tana kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, tana ganin mai shiga da mai fita. Makaminta shi ne kwatance: idan ta ga wanda ake tuhuma sai ta tuna wani mai shago ko wata 'yar aiki a ƙauyen da ta taɓa nuna irin halinsa, daga nan ta gane inda ya dosa. 'Yan sanda suna ɗaukarta tsohuwa mai tsegumi da saƙa, su ma masu laifi sukan saki baki a gabanta, sun manta cewa ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Cikakkun littattafai 12 Christie ta rubuta a kanta, na ƙarshe ya fito a 1976, shekarar da ta rasu.

Masu nazari da yawa suna danganta farin jinin wannan salo da zamanin da ya haife shi, domin al'ummar da ta rasa ɗimbin samarinta a yaƙi ta gaji da ganin jini, tana neman labarin da mutuwa ke da dalili, mai laifi ke da suna, gari kuma ya koma lafiya a shafin ƙarshe. Marubutan lokacin sun ɗauki aikin a matsayin wasa ƙwaƙwalwa mai ƙa'ida tsakaninsu da mai karatu. A 1929 Ronald Knox ya zayyana dokoki goma, ciki har da cewa dole a ambaci mai laifin tun a farkon labari, kada a warware al'amari da sihiri, kuma duk alamar da mai bincike ya gani sai a nuna wa mai karatu. A 1930 aka kafa ƙungiyar Detection Club a Landan, Chesterton ya zama shugabanta na farko.

Salon bai tsira daga suka ba. A 1944 Raymond Chandler, jigon labaran bincike masu zafi na biranen Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zargi irin waɗannan labarai da nisa daga yadda laifi yake a zahiri, kuma na tsawon shekaru kasuwa ta karkata ga labaran bindiga da leƙen asiri. Marubuciya Lilian Jackson Braun shaida ce a kan wannan, domin ta fitar da littattafai uku tsakanin 1966 da 1968 a kan wani ɗan jarida da kyanwoyinsa, sannan ta yi shiru na shekara 18 kafin ta dawo a 1986, jerin ya ci gaba har ya kai littafi 29.

Dawowarta ta zo daidai da farfaɗowar salon a Amurka. Shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda Angela Lansbury ta fito a cikinsa a matsayin Jessica Fletcher, bazawara marubuciya a garin Cabot Cove na bakin teku, ya gudana daga 1984 zuwa 1996, kuma a 1989 aka fara taron shekara-shekara na Malice Domestic, inda ake ba da lambar yabo mai sunan Agatha. A wannan lokaci ne sana'ar jaruma ta zama ginshiƙin jerin littattafai: Diane Mott Davidson a 1990 da Joanne Fluke a 2000 sun gina nasu kan masu girki da toye-toye, har suna buga yadda ake haɗa abincin a cikin littafin, yayin da M. C. Beaton ta kai jarumarta Agatha Raisin wani ƙauyen Cotswolds na Ingila a 1992.

Rubuta jeri yana da wahalar da ta keɓanta da shi, domin ƙaramin gari ba ya ɗaukar gawa a kowace shekara ba tare da mai karatu ya fara shakka ba, shi ya sa marubuta ke kawo baƙi da bukukuwa, ko su fitar da jaruma tafiya, kamar yadda Christie ta kai Miss Marple tsibiran Karibiyan a 1964. Abin da ke dawo da mai karatu shi ne mutanen garin, waɗanda yake son sanin halin da suke ciki tamkar maƙwabtansa, laifin kuwa hanya ce ta sake shiga gidajensu. Wannan ne ya sa littafin Richard Osman na 2020, The Thursday Murder Club, ya samu karɓuwa sosai, domin ya damƙa bincike ga tsofaffi huɗu a unguwar 'yan fansho, mutanen da duniya ta ɗauka sun gama yayi. Daga Amelia Butterworth zuwa waɗannan tsofaffi, salon ya tsaya kan ra'ayi guda, cewa wanda ya daɗe yana zaune da mutane yana lura da su ya mallaki ilimin da hukuma ba ta da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.