Malamin Asibiti a Ƙasar Gobir

Kafin allura ta iso Sabon Birni da Isa, lafiyar gida tana hannun mutanen da kowa ya san zuriyarsu. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli, shi ne kuma ke yi wa jariri tsagar Gobirawa. Ungozoma ke yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego. Karaya ta maɗori ce. Abin da ya gagari waɗannan sai a nufi malami ko boka ko 'yan bori, waɗanda a sarautar Gobir Inna ce shugabarsu. Da wannan tsari Gobirawa suka bar Alƙalawa bayan faɗuwarta a 1808, da shi suka zauna Tsibiri, da shi kuma suka kafa Sabon Birni.

Da Turawa suka zo, En'e ta buɗe ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a garuruwan hakimai, ta ɗora su a wuyan wani sabon ma'aikaci: malamin asibiti. Saurayi ne da ya yi ɗan karatun boko, aka ba shi gajeren horo. Shi ke wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi, ya yi lamba, ya kai rahoto idan sanƙarau ya ɓulla da bazara. Likita yana can birni, ba a ganinsa sai ranar rangadi. Ba mamaki da talakawa suka riƙa kiran wannan malami likita, domin aikin likita yake yi, ko da takardarsa ba ta ce haka ba.

A can sama kuwa, sana'ar jinya tana ta samun doka da daraja. An yi dokar ungozomomi a 1930, ta rajistar ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe hukumomin da dokokin biyu suka kafa a 1979. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digirin aikin jinya a 1965.

A wannan shekara ta 1965 ne wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Loretta Ford, da likitan yara Henry Silver suka fara wani shiri a Jami'ar Colorado. Damuwarsu irin tamu ce: ƙauyuka da yara birjik, likita babu. Suka ƙara wa ƙwararrun nas-nas ilimin duba majinyaci da gano cuta. Daga nan aka samu nas mai duba iyali, wadda yau sai ta yi digiri na biyu kafin a ba ta lasisin duba jariri da mai ciki da tsoho, ta rubuta musu magani. Wato sun ga aikin da nas ke yi ala tilas, sai suka ba shi makaranta da izini.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Bayan taron Alma Ata na 1978, ta ƙirƙiro jami'an lafiyar al'umma, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ƙarfafa tsarin lokacin da ya zama ministan lafiya a 1985. Makarantu irin kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa suka riƙa yaye matasa, a miƙa musu kundin ƙa'idojin aiki da ke faɗin abin da za su yi da wanda za su tura gaba. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar sauke wasu ayyukan likita zuwa ga nas da ungozoma da waɗannan jami'ai. Tsari ne da ya ceci rayuka, bai kamata a raina shi ba.

Sai dai “tura gaba” magana ce mai nauyi a wannan yanki. Gaba ɗin Sakkwato ce, ta hanyar Goronyo, tafiyar sa'o'i, a kan titunan da 'yan bindiga suka addaba. A Disamban 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a yankin nan, dubban mutane kuma sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ba ta da wanda ya wuce nas ɗin da ke bakin aiki a asibitin Isa ko na Sabon Birni.

Wannan nas ita ta fi kowa cancantar ƙarin karatu, ita ce kuma ya fi yi wa wuya. In ta samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Zariya, sai ta bar majinyatanta, digirin kuma yakan kai ta ga koyarwa ko kujerar ofis a birni, tunda tsarin aikin gwamnati bai ware matsayin nas mai duba iyali ba. Ya kamata hukumar ma'aikatan jinya da jami'o'in Arewa su buɗe wannan karatu, su ware gurabe ga 'ya'yan Gatawa da Isa da Sabon Birni, jiha kuma ta biya su albashin da zai sa su koma gida su zauna.