Daga "Kabari Kusa" Zuwa Gwajin Minti Ashirin: Tarihin Tsoronmu a Zango



A 1998 na raka wani maƙwabcina tasha a nan Agege, muka sa shi a motar Kano. Ya yi watanni yana ramewa, ga tari, ga gudawa da ta ƙi tsayawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce ta ci jikinsa. Ba a yi sati uku ba aka aiko mana da labarin rasuwarsa. Har yau ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya kashe shi, domin bai taɓa yin gwaji ba, mu kuma da muke zargin wani abu a zuci ba mu ce masa ya yi ba. Wannan shirun namu shi ya sa na zauna ina bin tarihin abin, ko na gane dalilin da ya sa mutum zai ɗauki ƙwayar cutar ƙanjamau shekara da shekaru bai sani ba.

A nan Legas aka fara gano cutar a Nijeriya, aka bayyana a 1986. Shekarun da suka biyo baya na musu ne, ana cewa ciwon Turawa ne. Sai a Agustan 1997, da Fela ya rasu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe shi. Daga nan mutanen Legas suka fara yarda akwai ta. Gwajin da ake wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, kafin 2001 ya kai kashi 5.8.

To amma mai karatu, a wancan lokaci me gwaji zai tsinana wa talaka? Magani sai mai hannu da shuni. In aka ce kana da ita, an yanke maka hukunci ke nan, shi ya sa muka laƙaba mata "kabari kusa". Wanda ya ƙi gwaji a lokacin lissafi ya yi: sanin ba zai ƙara masa kwana ba, sai dai ya raba shi da abokan ciniki da abokan cin tuwo.

Lissafin ya fara sauyawa a 2002, da gwamnatin Obasanjo ta soma raba magani mai rangwame a kan kusan naira 1,000 a wata. A 2004 tallafin Amurka na PEPFAR ya shigo, a 2006 maganin ya koma kyauta a asibitocin gwamnati. A 2014 aka yi dokar da ta hana nuna wa masu cutar wariya, a 2016 kuma aka daina jira sai jiki ya yi rauni, da zarar an gano mutum na da ita ana ɗora shi a kan magani. Babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, aka kuma ƙiyasta masu ɗauke da ita gaba ɗaya a ƙasar kusan miliyan 1.9 a lokacin.

Duk wannan sauyi bai iso zango da sauri ba, kuma ina ganin dalilanmu sun bambanta da na masu gari.

Na farko, mafi yawanmu maza ne, iyali na gida. Mace kan san matsayinta a wajen awon ciki, ko ba ta yi niyya ba. Namiji kuwa ba shi da wata ƙofa da za ta kai shi asibiti sai ya kwanta. Ƙwayar kuma tana iya kai shekara goma a jiki mutum na ɗaukar buhu a Mile 12 bai ji komai ba.

Na biyu, harshe da lokaci. Ɗan ci-rani da ba ya jin Yarbanci, Turancinsa kuma na ciniki ne, in ya je asibiti sai da tafinta, tafintan kuwa ɗan unguwarsu ne. Wa zai so a karanta masa irin wannan sakamako ta bakin wanda suke sallah a sahu ɗaya? Ga shi yinin da aka ɓata a layi yinin da ba a samu na abinci ba ne.

Na uku, zango ƙaramin gari ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Mu nan duka biyun muke ɗauke da su, domin maganar da aka yi a Agege da safe, kafin dare ta isa ƙauyenku. Ga kuma ɗari-ɗari da muke yi da allura da ɗibar jini, wanda ya ƙaru tun rikicin rigakafin shan-inna na 2003.

Abin da ya fi damuna shi ne har yanzu da lissafin 1998 muke aiki. Yau ɗigon jini daga yatsa ya isa, cikin minti ashirin an san sakamako, akwai ma na'urar da mutum zai gwada kansa a ɗaki. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa, mai ciki kuma in ta sha tana kare jaririnta. Tun 2024 Kano ta wajabta gwaji kafin aure, don haka saurayin da zai je gida ɗaurin aure gara ya san matsayinsa tun daga nan, kafin a tara dangi.

Ni dai na yi nawa, kuma ban ɓoye wa mutanen majalisarmu ba. Roƙona ga sarakunan Hausawa da limamanmu na Kurmi shi ne su nemo ma'aikatan lafiya masu jin Hausa waɗanda ba 'yan unguwa ba, su kuma fara miƙa nasu yatsan a gaban jama'a. Maƙwabcina ya bar mata da 'ya'ya biyu a gida, kuma ba wanda ya ce mata ta je a duba ta. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana shirun da muka yi.