Raƙumin dawan Kure da shaidar ADN

A cikin wannan takarda muna so mu nuna yadda binciken ƙwayoyin gado ya canza matsayin raƙumin dawa na Nijar. A 1898 ne Oldfield Thomas ya raɗa masa sunan peralta, bayan ya duba ƙasusuwan wani da aka harbe kusa da Lokwaja. Fiye da shekara 100 masana suna rarrabe raƙuman dawa ta zanen fata da siffar ƙoƙon kai, shi ya sa suka haɗa na Nijar da na Cadi da Kamaru. A 1996, lokacin da garken Kure ya ragu zuwa kimanin 50, ana zaton akwai sauran irinsa a gidajen namun daji na Faransa.

A 2007, Alexandre Hassanin da abokan aikinsa a Paris suka kwatanta ADN na mitokondiri, wanda ake gado daga uwa kaɗai. Binciken ya nuna cewa na gidajen namun dajin, da na Cadi da Kamaru, irin Kordofan ne, wato antiquorum. Ke nan peralta ba shi da wani mazauni sai Nijar. A 2008 ƙungiyar UICN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2018 kuma aka kai 8 dajin Gadabeji, cikin jahar Maradi.

Garken ya haura 600, amma tushensa ƙanƙane ne. Don haka muke ganin wajibi ne a duba dangantakar jini ta hanyar ADN kafin a zaɓi waɗanda za a ƙaurar.