Caroline Lucas

Caroline Lucas 'yar siyasar Birtaniya ce, kuma ita ce ta fara samar wa jam'iyyar Green, ta masu rajin kare muhalli, kujera a majalisar wakilan ƙasar. An haife ta ranar 9 ga Disamba 1960 a garin Malvern. Ta karanci adabin Ingilishi a Jami'ar Exeter har ta kai ga digirin digirgir a 1989.

Ta shiga jam'iyyar a 1986, lokacin da mutane ƙalilan ne ke ɗaukar jam'iyyar da muhimmanci. Daga ƙasa ta faro: kansila a gundumar Oxfordshire daga 1993 zuwa 1997, sannan wakiliyar kudu maso gabashin Ingila a majalisar Tarayyar Turai daga 1999. A da, jam'iyyar ba ta yarda da shugaba guda ba, sai dai masu magana da yawunta. Da aka sauya tsarin a 2008, Lucas ce ta zama shugabarta ta farko a Ingila da Wales.

Babban abin da ta cimma ya zo a 2010. A zaɓen Birtaniya, duk wanda ya fi ƙuri'u a mazaɓa shi ke ɗauke kujera, sauran su tashi a tutar babu, abin da ke danne ƙananan jam'iyyu. Duk da haka ta lashe mazaɓar Brighton Pavilion da ratar ƙuri'u 1,252 kacal. Shekara 14 ta yi ita kaɗai daga jam'iyyarta cikin 'yan majalisa 650, tana matsa wa gwamnati lamba kan sauyin yanayi. Wannan juriya ta cancanci yabo.

Ba a zauren majalisa kaɗai ta tsaya ba. A Agustan 2013 'yan sanda suka kama ta a ƙauyen Balcombe, tana zaman dirshan tare da masu adawa da haƙar mai da iskar gas ta hanyar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kotu ta wanke ta a 2014. Ta sake jagorantar jam'iyyar tare da Jonathan Bartley daga 2016 zuwa 2018.

A zaɓen 2019 ratarta ta doshi ƙuri'u 20,000. Ba ta sake tsayawa takara a 2024 ba. Siân Berry ta gaje ta a Brighton Pavilion, jam'iyyar kuma ta samu kujeru huɗu a majalisa.