Ɗakin Haihuwa da Kunyar Bahaushiya

Tun ba a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa ba, haihuwa tana da ma'aikatanta, kuma kowa ya san iyakarsa. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Naƙuda na tashi sai ta shige ɗaki ta durƙusa ta cije, domin raki a kan gwiwa abin gori ne da zai bi ta har tsufa. Ungozoma ba ta cika zuwa ba sai ɗa ya faɗo. Ita ce mai yanke cibi, mai wanke jariri, mai binne mabiyiya, mai tsayawa kan ruwan wankan jego. Malam ya aiko da rubutu, a yi wa jariri kiran salla a kunne, wanzami ya jira ranar suna. Namiji kuwa, ko mijin ne, ba ya leƙa ɗakin. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, ya san wannan zamani.

Cikin wannan tsari asibiti ya shigo, kuma da wa'azi ya shigo. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Cikinsu akwai Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin mishan ta koma Wusasa inda asibitinta ya kafu. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka suka takura wa 'yan mishan a masarautun Musulmi. Magani ne ya buɗe musu ƙofa: zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato a shekarun 1930, sannan asibitin Galmi a Nijar a 1950. Sun yi jinyar mutanen da danginsu ma suka guje su, wannan ba mai musu. Amma a idon talaka, hannun da ya riƙe allura shi ya riƙe Linjila. Ko da En'e ta gina asibitin birnin Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, matsalar mata ba ta kau ba. Yawancin ma'aikata maza ne, matan da ke ciki kuma galibi baƙi ne, don 'yan matan Arewa ba su shiga boko da wuri ba.

To, matar da ba ta taɓa buɗe kanta gaban wan mijinta ba, ita za a ce ta kwanta rigingine a gadon ƙarfe gaban baƙo? An daɗe ana kiran ƙin zuwanta jahilci. Ni ban yarda ba. Mutuncinta aka ce ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙi.

Gwaggona ta yi aikin ungozoma a asibiti a shekarun 1970, kuma a wurinta na san yadda aka shawo kan mata. Kati yana neman sunan miji, Bahaushiya ba ta faɗar sunan mijinta, sai Gwaggo ta juya ga 'yar rakiya. In ta tambayi haihuwa nawa, takan ƙara da cewa, "Har da na farin, ko?" domin wata kunyar ɗan fari kan sa ta tsallake shi, lissafin kuwa yana iya zama na rai da mutuwa. Ba ta duba mace sai ta ja labule ta rufa mata zane. Tsohuwa ta zo da rubutu a kwalba, Gwaggo ta ce, "Iya, ba ta ta sha," sai fa in za a shiga tiyata, nan ta zauna ta yi bayanin dalilin da ya sa ba a son komai a ciki. Mabiyiya kuma ta naɗe ta miƙa wa dangi su je su binne. Bafulatana ta yi shiru kamar ba abin da ke damunta, ita Gwaggo ta fi kewayawa, don ta san fulaku na ɓoye ciwo. Kirista daga Sabon Gari ta nemi a yi mata addu'a, a kira mata nata. Mace ta zo gargara, a juya ta alƙibla, a bar uwarta ta laƙƙana mata kalmar shahada, kuma kada a riƙe gawa kan takarda har rana ta faɗi.

Ba kuma kowace al'ada aka rungume ba. A shekarun nan ne likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai tara ruwa a jiki. Gwaggo ba ta taɓa cewa a bar wankan jego ba, ta san ba mai ji. Cewa take, "Iya, a yi wankan amma a sirka, kunun kuma a cire kanwar." Yankan gishiri ne kaɗai ba ta sassauta a kansa ba ko kaɗan, domin ta ga abin da aska ke yi wa mafitsara.

Binciken Farfesa Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna inda mutuwa ta fi yawa: cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa bayan doguwar naƙuda, wani lokaci don maigida ya yi tafiya ba mai ba da izinin fita. Waɗanda suka tsira da yoyon fitsari, da yawansu Babbar Ruga suka nufa, inda Likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara yi musu ɗinki a 1984.

Har gobe ina jin zafin masu cewa aikin nas bai dace da 'yar Musulmi ba. Ai a masallacin Madina Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta na jinya, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da ya ji rauni a yaƙin Khandaƙ. Don a samu ma'aikata mata 'yan gida, a 2012 aka fara wani shiri da tallafin Birtaniya a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ana ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a yi musu shekarar share fage, su shiga makarantun nas da ungozoma bisa sharaɗin za su koma yi wa garinsu aiki. Sai da aka zauna da iyaye da mazaje da masu gari da limamai kafin a sake su, wasu makarantun kuma aka buɗe musu ɗakin raino saboda masu goyo.