Runduna ta 151 "Sassari": Makiyayan Tsibirin da Italiya Ta Tura Bakin Daga

A farkon ƙarni na 20, hafsoshin sojan Italiya na da wata al'ada da ba sa wasa da ita. Idan an ɗebi kurata, ba a barin 'yan yanki ɗaya su taru a runduna ɗaya. Sai a gauraya ɗan kudu da ɗan arewa, a kai su bariki nesa da gida. Ƙasar ba ta daɗe da haɗewa ba, sai a 1861 aka yi daular Italiya, don haka masu mulki suka ɗauki bariki wurin da za a koya wa matasa cewa su 'yan ƙasa ɗaya ne. Runduna ta 151 da ƙawarta ta 152 suna cikin waɗanda suka fi shahara wajen saɓa wa wannan tsari.

Ranar 1 ga Maris, 1915 aka kafa su, watanni kaɗan kafin Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Ta 151 a garin Sinnai kusa da Cagliari, ta 152 kuma a Tempio Pausania, dukkansu a tsibirin Sardiniya da ke tsakiyar Bahar Rum. Kowacce na da bataliya uku, su biyun a haɗe suka zama Birged ɗin Sassari. Akasarin dakarun makiyayan tumaki ne da manoma da masu haƙar ma'adinai. Da yawansu ba su iya karatu ba, Italiyanci ma bai zauna a bakinsu ba, harshen tsibirinsu suke yi.

A watan Yuli na 1915 aka jefa su fagen fama a tudun Carso, kusa da kogin Isonzo, inda suka fuskanci sojojin Ostiriya da Hangare. Wurin dutse ne tsantsa. Ramin ɓuya ba ya haƙuwa sai da ƙyar, kuma idan harsashin igwa ya faɗo, tsakuwar da yake tarwatsawa ita ma kisa take yi. Gaban ramukan abokan gaba an shimfiɗa waya mai ƙaya. Da dare sojoji kan ja ciki da dogayen bututun ƙarfe cike da nakiya, su cusa ƙarƙashin wayar, su kunna lagwani, su janye. 'Yan Sardiniya na da wata ɗabi'a ta shan sigari da wutar a cikin baki, don kada jan garwashin ya tona inda suke. A haka, cikin Nuwamba 1915, suka ƙwace ramukan da ake kira Frasche da Razzi, waɗanda wasu rundunoni suka yi ta zubar da jini a kansu ba su samu ba. Sanarwar babbar hedikwata ta yabe su a fili, daga nan kuma aka ba da umarnin a riƙa tattaro sojojin ƙasa 'yan Sardiniya daga sauran rundunoni ana cike gurbin waɗanda suka mutu.

Yabon nan ya zame musu kaya. Duk inda abu ya yi tsanani, su ake kira. Da Ostiriya ta kawo babban farmaki ta kan duwatsu a 1916, an kwashe su zuwa tudun Asiago, suka yi gumurzu a Monte Fior da Castelgomberto da Monte Zebio. A 1917 suna Bainsizza. Bayan mummunan kayen Caporetto a watan Oktoba na wannan shekara, suna cikin waɗanda suka tare baya yayin da sojojin Italiya ke janyewa zuwa kogin Piave. A ƙarshen Janairun 1918 suka taka rawa wajen ƙwato Col del Rosso da Col d'Echele, nasarar farko da ta dawo wa Italiya da ƙwarin gwiwa. Saboda rawar da suka taka a yaƙin, tutar kowace runduna daga cikin biyun ta samu lambar zinariya ta jarumta har sau biyu. Birged ɗin ya rasa mutum sama da 3,800, waɗanda suka jikkata sun haura 9,000.

Wanda yake son sanin yadda abin ya kasance daga cikin rami, ya nemi littafin Emilio Lussu, hafsa a runduna ta 151, mai suna Un anno sull'Altipiano, wanda ya fito a 1938. Lussu jarumi ne da ya samu lambobi, amma bai rufa wa janarorin da ke tura mutane cikin ruwan harsashi ba tare da dabara ba asiri. A ganina, abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne abin da zaman ramin ya haifar. Makiyayin da bai taɓa barin ƙauyensu ba ya haɗu da ɗan wani gefen tsibirin, suka gane talaucinsu ɗaya ne, kuma gwamnatin Roma ba ta tuna da su sai tana neman jini. Da suka koma gida, tsofaffin sojojin nan, ƙarƙashin Lussu da Camillo Bellieni, suka kafa jam'iyyar Partito Sardo d'Azione a 1921, mai neman tsibirin ya samu ikon tafiyar da al'amuransa.

Babi na gaba ba shi da daɗin faɗa. Bayan yaƙin an girke rundunar a Trieste, a 1939 kuma ta shiga cikin Dibishan ta 12 mai ɗauke da sunan Sassari. A Afrilun 1941 Mussolini ya tura ta mamayar Yugoslabiya, ta shafe kusan shekara biyu a Kuroshiya da Dalmatiya tana farautar 'yan gwagwarmaya. Aikin mamaya ne a ƙasar wasu, kuma fararen hula sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun sojojin Italiya a wannan yanki. Duk mai ba da tarihin rundunar ya tsallake wannan, bai yi adalci ba. A 1943 aka dawo da ita Roma. Da aka sanar da tsagaita wuta tsakanin Italiya da ƙawancen Ingila da Amurka ranar 8 ga Satumba, sojojinta na cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin tare Jamusawa a ƙofofin birnin, alhali sarki da manyan hafsoshi sun riga sun tsere. Cikin kwana biyu aka miƙa wuya, aka wargaza dibishan ɗin.

An sake kafa runduna ta 151 a Trieste a 1962. Garambawul ɗin 1975 ya rage ta zuwa bataliya, aka mayar da ita Cagliari. A 1988 aka farfaɗo da Birged ɗin Sassari a tsibirin, a 1992 kuma ta 151 ta koma cikakkiyar runduna. Tun daga lokacin ta yi aiki a yankin Balkan da Afganistan da Lebanon da Iraƙi, inda harin bam na Nasiriyya, ranar 12 ga Nuwamba, 2003, ya kashe 'yan Italiya 19, cikinsu har da sojanta. Har yau hedikwatarta na Cagliari, kuma akasarin dakarunta 'yan Sardiniya ne.